Zoben da Ban Sa Ba Ranar Gasa

Daga Kahu, zuwa Rurum Tsohon Gari.

Aminci ya tabbata a gare ka, ya sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randata bayan dawowa daga gona! Ya mai garkuwata, wanda ya saba tsayawa a gaba don na baya su tsira! Ina gaishe ka gaisuwa mai nauyi irin na zangarniyar dawar da ta sunkuya a gonakinmu, da fatan kana lafiya, kai da Innarku da duk mutanen gida. Ni dai lafiyar jiki kawai zan iya shaida maka, ita ma ɗin da sauƙi-sauƙi.

Na koma ga biro da takarda ne saboda saƙonnina sun taru a wayarka ba ka buɗe ko ɗaya ba. Ita takarda ba a toshe ta. Lami 'yar baffanka, wadda take aure a layinmu, ta yi mini alkawarin ba za ta bar zaurenku ba sai ta ga ka warware ta, kuma ka san Lami in ta kafe. Ita ce ta gaya mini abin da ya hana ni cin abinci: wai ka ce wa Baffa ya dakata, kada su zo wajen Malam neman aurena ranar Juma'ar nan kamar yadda aka tsayar. A kan zobe, ya hasken zuciyata? A kan zoben da ko a hannu ba a iya riƙe shi, wanda in cajin waya ya ƙare shi ma ya ɓace? Na so in yi dariya, sai na ga hawaye ya riga ta, don na san ba zoben ne ya yi maka ciwo ba.

Ka tuna yadda na shigo wasan yaƙin nan na cikin waya? Yaya Shitu ne ya miƙo mini tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya ce rundunarku ta samarin Rano da Kibiya ta rasa mai magani. Dama ina za ku samu? Kowannenku takobi yake so, ko baka, ko mashi, a ji shi yana ihu a kan gaba. Ba wanda zai yarda ya tsaya a baya da sanda da alkyabba yana ɗinke raunukan wasu. Sai aka ce a bai wa 'yar Malam, ai ta saba jiƙa rubutu tana miƙa wa marasa lafiya. Nakan zauna a gindin rumbu bayan la'asar, nan ne kaɗai sabis yake kamawa a gidanmu, kaji suna tsattsage a ƙafata, ni kuwa ina can wata duniya ina bin ku cikin kogunan dutse.

A can na fara saninka, kafin in san fuskarka. Wani mai garkuwa ne da ba ya jin magana, ya shige gaban dodo kamar wanda aka aiko, layin jininsa yana sauka yana sauka, ni ina ta watsa masa magani ina tsaki. Sau nawa na tashe ka daga faɗuwa? Kai kaɗai ne kake juyowa bayan an gama ka rubuta mini sannu da aiki. Sauran sai rabon ganima. Ranar da ka biyo Yaya Shitu gidanmu da damin rake a bayan babur, na leƙo ta katanga na ce, ashe wannan siririn ne yake ba ni wahala! Daga nan ka fara zuwa zance. Kai ka yi ta magana a zaure, ni ina zane a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, ban taɓa ɗaga ido na ce maka komai ba sai "to" da "Allah ya kai mu". Na ɗauka ka ji sauran a cikin shirun.

Sai ga babbar gasa ta ƙarshen zango, wadda rundunarmu ta daɗe tana yi wa tanadi. Mai magani gurbi ɗaya gare ta na abin ratayawa, ba ta haɗa biyu. Ina da tsohuwar gorata, wadda take yayyafa wa kowa magani kaɗan-kaɗan, babu babba babu yaro. Kai kuma ka aiko mini da zoben ɗauri. Na san abin da ka sha kafin ka same shi: damina guda kana dawowa daga noma hannuwanka duk sun yi kanta, ka zauna kana fama da masu gadin kogo don ka tara abin da za a ƙera shi. Kuma na san aikinsa. Wadda ta sa shi, wani zare mai ruwan zinare zai miƙe daga hannunta zuwa ƙirjin wanda ya ba ta, a rubuta sunayensu a jere a saman fili kowa yana gani; duk dukan da aka yi masa su raba biyu, maganinta kuma shi zai fara isa.

Kada ka zaci ban iya lissafin wasa ba. Dodon da za mu tunkara mai garkuwa kaɗai yake duka, ko yaron goye ya san zoben ne kayan ranar. Na buɗe akwatin kaya, na ɗora yatsa a kan zoben. Sai na duba jerin waɗanda suka shigo. Ga Yaya Shitu, wanda ya goya ni. Ga Kawu Ramalan, ƙanin mahaifiyarka, wanda gobe in Allah ya nufa zan durƙusa in gaishe shi ba tare da na kalli fuskarsa ba. Ta yaya zan bari a rataya sunana kusa da naka a gabansu, da zare a tsakani? A gidanmu, mace ko ɗan farinta ba ta yi wa wasa a gaban mutane. Inna ta shekara nawa da Malam, ban taɓa ganin ta miƙa masa ruwa tana dubansa ba in da baƙo. Abin da na tashi na gani ke nan: wanda kika fi so, shi kike kawar wa kai. Sai na janye yatsana, na rataya gora.

Wayyo ni, da na sani ƙeya ce! Ka shiga gaba kamar kullum, ka ɗaga garkuwa, ka jira zaren bai zo ba. Na ga ka ɗan tsaya, na rantse na gani, ko a cikin wasa akan gane tsayuwar mutumin da aka ba kunya. Dodo ya sauke maka dukan farko, ya ƙara. Ni kuwa ina ta yayyafa wa Kawu Ramalan magani, mutumin da ko ƙwarzane bai samu ba yana can nesa da bakansa! Jininka ya yi ja, ya ƙare, ka faɗi a gabana ina riƙe da gorar da ba ta da amfani. Bayanka muka bi ɗaya bayan ɗaya. Ba ka yi faɗa ba, da ma ka yi. Kalma biyu ka rubuta, cewa ka fahimta, ka fita daga runduna.

Me ka fahimta, ya muradin raina? Ka fahimci cewa wadda ba ta taɓa furta maka so a zaure ba, ta ƙi ka a fili? Cewa a wajena kai da kowa ɗaya ne, yayyafi ɗaya ya ishe ku? Wallahi ba ka fahimci komai ba! Da ba na sonka, da na sa zoben nan ba tare da ko gezau ba, kamar yadda zan sa wa kowane mai garkuwa don a ci gasa. Nauyinka ne ya hana hannuna.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Waɗanda na ji kunyar, su ne suka fara yi mini faɗa. Yaya Shitu ya same ni a gindin rumbu yana huci, yana tambayar ina na kai hankalina da na bar zobe a akwati. Kawu Ramalan kuwa aiko mini ya yi cewa shi tun tuni ya san inda aka dosa, har ya tanadi babbar rigar da zai sa ranar ɗaurin aure. Ashe ni kaɗai nake ta ɓoyon abin da duk gari ya sani. Na rufe fitila da tafin hannu, haske yana fita ta tsakanin yatsu, kai kaɗai na bari a duhu.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, ka saurara. Jiya bayan la'asar, lokacin da runduna ta cika, na buɗe akwati a gaban kowa na ajiye gora, na sa zobenka. Sunana ya hau sama kusa da naka. Kawu Ramalan ya cika fili da guɗa a rubuce, Yaya Shitu kuwa daga baya na jiyo gyaran muryarsa daga zaure. Ƙasa ba ta tsage ba, ko da yake na roƙe ta. Daga nan na shiga ɗaki na durƙusa gaban Inna, na faɗa mata da bakina cewa kai nake so, ba don an zaɓa mini ba. Ta daɗe tana kallona, ta ce in tashi in duba tukunya, amma na ga murmushi a gefen bakinta.

Sai dai ka san sharaɗin zoben: in an sa shi ba ya fita sai wanda ya bayar ya kwance. Yanzu ga ni tsaye a ƙofar birnin wasa, zaren zinare ya fita daga hannuna yana lilo, ba kowa a ɗaya bakin. Maganina ba ya isa ga kowa, don kai yake nema tukuna. Runduna ta zauna ba mai magani, kuma ban ba su haƙuri ba. Ko dai ka shigo ka kama bakin zaren, ko ka shigo ka kwance shi da hannunka kana kallona. Amma kada ka bar ni haka. Malam ya riga ya sa an wanke tabarmin baƙi saboda Juma'a, ban gaya masa abin da Lami ta ce ba, kuma ba ni da bakin gaya masa.

Ka lura tun daga farkon takardar nan ban ambaci sunanka ba? Haka nake tun da na san ka, kullum ina kewaye shi. Yau zan rubuta shi sau ɗaya, da manyan baƙaƙe, Lami ta gani in ta leƙa, duk Rurum ta gani. Fatana ya zama na ƙarshe, don in Baffa ya zo ranar Juma'a, ka san matar kirki a garinmu ba ta kiran sunan mijinta, ni kuwa babu abin da nake marmari kamar a haramta wa bakina shi har abada.

NURUDDEEN, ina sonka.

Taka, wadda take riƙe da bakin zare ɗaya, ba za ta saki ba har sai ranta ya saki jikinta,

Zulaiha