Zakarana Ba Zai Shiga Tukunyar Sallah Ba

Zuwa ga Inna Maijidda, mai filin shawara,

Don Allah ki agaza mini tun ba a ga watan Sallah ba, za a yanka mini zakarana. Ni ba mai magana ba ce, sai a wuni a gidanmu ba a ji bakina ba, amma wannan kam na ƙi, kuma ina nan a kan ƙin.

Sunansa Bahago, don da ƙafar hagu yake tono. Ja ne, wutsiyarsa baƙa mai sheƙi. Kakata ce ta kawo mini shi daga ƙauye yana ɗan tsako a cikin ƙwarya, a shekarar da ta rasu. Da hannuna na ba shi tsaki har ya zama abin da ya zama.

Laifinsa wai cara. Tun da azumi ya kama yake yin ta tun dare bai raba ba. A lungunmu na Ƙofar Kibo kuwa, da carar farko mata ke tashi ɗumamen sahur. Rannan duk gidajen suka tashi, aka hura wuta, aka ci aka sha, aka zauna jiran ladan. Shiru. Har wasu suka koma barci. Maƙwabcinmu Malam Aƙilu, wanda ɗakinsa ke jikin katangar da akurkin yake, an ce kafin azahar yunwa ta hana shi ba da karatu. Ya aiko wa Baba cewa ko zakara ya koyi lokaci, ko ya koyi iyo a cikin miya. Aka yi ta dariya a zaure. Ni ban ga abin dariya ba.

Gwaggo Kande, yayar Baba da ke zaune da mu, ta ce zakaran da ke cara ba kan lokaci ba mugun abu yake kira wa gida. Baba ya yanke: ranar Sallah sai wuƙa.

Ba zaune nake ba, Inna. Na ɗaure wa Bahago baki da tsumma, ya kusa shiɗewa, na kwance ina kuka. Na yi masa faɗa, na lallashe shi. Ba wanda ya san halinsa sai ni. Yayana Labaran yana aro mini littattafan soyayya, Gwaggo kuwa ta ce su ke lalata 'yan mata, ga ɓarnar kananzir. Da rana yanzu daka da aikin buɗa baki ba sa barina, shi ya sa in an kwanta nake ɗaukar fitilar ƙwai in laɓe bayan akurki in yi karatuna. Da Bahago ya hango ni sai ya miƙe, ya kaɗa fukafukai, ya gaishe ni da muryarsa duka. A cikin littattafan nan ma haka masoyi yake, ba ya iya shiru in ya ga wanda yake so. To don ya ƙaunace ni za a kashe shi?

Na gaya wa Gwaggo a fuskarta cewa in aka yanka shi ba zan ci abincin Sallah ba, ba zan sa sabon zane ba, ba zan yi lalle ba. Ta ce yau bebiya ta yi baki. Eh, na yi. Ki faɗa mini yadda zan sa shi shiru, amma kada ki ce in haƙura.

Mai Zakara, Birnin Zariya

*

'Yata Mai Zakara,

Ba zan ce ki haƙura ba. Amma ki sake karanta takardarki a hankali, don kin kama mai laifin da kanki ba ki sani ba. Zakara ba ya da agogo, haske yake bi. Kin kai masa fitila har ƙofar ɗakinsa, ya ɗauka gari ya waye, ya yi aikinsa. Ba mugun abu yake kira ba, ba kuma gaishe ki yake ba, ki yi mini afuwa.

Kina da gaskiya da kika riƙe kyautar kakarki. Malam Aƙilu ma yana da tasa: dattijo mai azumi da aka sa ya yi sahur tun dare, an cuce shi, shi da matan da suka hura wuta a banza.

Daga yau kada fitila ta sake kusantar akurki. Ki roƙi Labaran ya ɗauke shi daga jikin katangar Malam, ya kai shi can ƙuryar gida. Ki ba Bahago tsaki da ruwa ya ƙoshi kafin magariba, sannan ki kife shi da gajeren kwando, don zakara sai ya miƙe wuya yake jin daɗin cara. Ki lulluɓa tsohon buhu a kai ya yi duhu, ki bar kafar shan iska. Tsumma a baki kuwa, kada ki kuma. Ba zai daina cara da asuba ba, ba kuma wanda ya nemi ya daina.

Sai mai wuyar. Ki sami Babanki ki gaya masa zancen fitilar, ki roƙi a jinkirta hukunci a gani. Na san za a yi miki faɗa, watakila a karɓe littafin har bayan Sallah. Amma muddin kin ɓoye, maganar Gwaggonki ce za ta zauna, wuƙa kuma na nan. Ki leƙa gidan Malam ki ba iyalinsa haƙuri.

Bakin da kika samu don ƙin cin abinci, ki yi amfani da shi nan. Masoyan cikin littafi za su jira ki, ba mai yanka su. Bahago ne ba ya da lokaci.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya sa ki yi lallenki, Bahago kuma ya tashe ku ranar Idi a kan kari.

Inna Maijidda