Tarwaɗar da Aka Rufe a Rijiyarmu

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Baffa Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto muku, ni da ko gaishe ku a waya sai an matsa mini. Ina fata kuna lafiya, ya kuma aikin tace ruwan teku a Jidda? Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Yaya Bashir yana nan a kamfanin fata na Challawa, ni kuma na shiga aji biyar. Kowa lafiya, sai dai Inna, mahaifiyarku.

Gwamnati ta haɗa hannu da wani kamfani, sun ja mana ruwan famfo. Sharaɗinsu a rufe rijiyoyin unguwa, wai dattin masana'antu ya tsiyaya cikinsu. Ranar da ma'aikata suka zo Inna tana biki a Hotoro. Yaya ya sa hannu a takarda, suka yi wa tamu murfin siminti. Babu wanda ya tuna da tarwaɗar da marigayi kakanmu ya jefa ciki don ta riƙa tsabtace ruwan.

Yau kwana tara da rufe rijiyar. Inna ta ce ba za ta taɓa ruwan da aka binne rai dominsa ba. Taimama take yi, ga famfo yana zuba. Ko ruwan leda sai na yi ta lallashi kafin ta kurɓa, leɓunanta duk sun tsage. Da azahar, idan aka ɗauke ruwa, famfon yakan yi huci kamar mara lafiya, ita kuwa ta kwanta a gefen murfin rijiyar tana saurare, wai tana jin tarwaɗar tana bugu. Yaya ya ce iska ce a bututu, kifin ya daɗe da mutuwa. Amma Baffa, ruwa ba ya tsami banza. Jiya ni ma na kara kunnena. Sau uku aka buga daga ƙasa, a hankali, kamar baƙo mai jin nauyin masu gida.

Kamfanin ya ce duk gidan da ya fasa murfi za a yanke masa famfo, ga shi ruwan rijiyar ba ya shawuwa. Yaya ba zai ɗauki guduma ba sai da izininku, tunda ku ne babba. Don Allah ku faɗa mana, a fasa ko a bari? Inna ba za ta iya wani kwana taran ba.

A gaishe da iyalinku, Anti Zainab da Ummi. Idan kun yarje mini, zan so in sake rubutowa, don a gidan nan ni da Inna kaɗai muke jin bugun.

'Yarku,
Halimatu Sa'adiya