Faifan Baba Aji

Litinin, 4 ga Mayu, 2015

Alhamdu lillahi, faifan nan ya kwafu. Kwana uku ina fama da shi.

Wata mata ce ta kawo shi shago ranar Juma'a, Ummukulthum, cikin mutanen Bama da suka sauka a unguwar Gabukka. Ta ce na mahaifinta ne, tsoho ne kuma ba ya gani, rediyonsa mai cin faifai ya fara sarƙewa da shi. Na ɗaga shi a haske. Duk ya karce, ga tsaga ta taso daga ramin tsakiya. Na ce mata ban yi alkawari ba.

Na wanke shi, na goge da man goge baki yadda Matiyu mai gyaran rediyo na kusa da ni ya taɓa nuna mini, na riƙa kwafa ɗaya bayan ɗaya. MP3 ne, guda ɗari da huɗu. Ɗari da uku sun fito, ɗaya ta ƙi ko ta wane hali. Da na gama na sake saka shi don in ƙara gwada wadda ta ƙi, kwamfuta ta nuna ba ta ga komai ba. Ya mutu ke nan. Da na yi jinkirin yini guda...

Talata, 5 ga Mayu

Ko wane ne ya haɗa faifan nan, bai san aiki ba. Karatu a tsakiyar ganga, waƙar Indiya a bayan algaita, sunayen kuwa wasu lambobi ne kawai, wasu "sabo", "sabo na biyu". Na zauna na saurari farkon kowace, na sauya mata suna mai ma'ana, na raba su folda huɗu: karatu, kiɗan Barebari, waƙoƙin Hausa, Indiya. Na fitar da guda takwas: wata algaita da aka maimaita har sau shida na bar ɗaya, biyu da ke yankewa a rabi, da wata da ba komai ciki sai hayaniya. Saura casa'in da biyar. Na buga sabon faifai a hankali, don tsofaffin rediyoyin nan ba sa son faifan da aka buga da gudu.

Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 7 ga Mayu

Jiya Ummukulthum ta karɓa, yau ta dawo da shi. Wai Baba ya ce wannan ba faifansa ba ne. Na saka mata a gabanta, ya yi ras. Ta ce ita ma ta ji yana yi, amma tun jiya tsohon ya ture rediyon gefe, ko abincin kirki bai ci ba. Ya ce a kira masa wanda ya yi aikin.

Raina ya ɗan sosu. Amma me na yi ba daidai ba? Na duba jerin har sau uku.

Juma'a, 8 ga Mayu

Bayan masallaci na je Gabukka. Ɗaki ɗaya ne a gidan surukinsa, tabarma, buta, da rediyon da aka ɗaure murfinsa da roba. Sunansa Baba Aji, zai haura saba'in. Yana jin an ce sunana Bappayo ya ce shi ke nan, ya gane inda matsalar take, ashe bawansa aka ba aikin, wasan Barebari da Fulani dai. Wai Bafillace ya ga waƙoƙi ya ɗauka shanu ne, ya kaɗa farare gefe, baƙaƙe gefe. Na ce ai Babarbare ba ya gode wa ubangidansa, na saba. Muka yi dariya. Daga nan ya daina dariya ya yi mini bayani.

Da ƙirga yake amfani da faifan. Rediyon na da maɓallin gaba ɗaya-ɗaya da na tsallake goma-goma, shi kuma ya haddace mazaunin kowace. In yana son karatun safe ya san sau nawa zai danna, in ganga yake so ya sani. Shekara huɗu ke nan. Ɗansa Madu ne ya haɗa masa. Madu ya tsaya a baya ranar da suka gudo daga Bama, har yau ba labarinsa.

"A Bama da ƙafata nake zuwa masallaci, da ƙafata nake zuwa kasuwa," in ji shi. "A gidan nan ko bayi sai an ja ni. Cikin faifan nan kaɗai nake yawo ba ɗan jagora, kai kuma ka zo ka sauya mini ƙofofi."

Na ce zan mayar masa yadda yake. Na faɗa ne kafin in yi tunani.

Asabar, 9 ga Mayu

Ga inda abin ya tsaya. Rediyon da tsofaffin sunayen yake bin jeri, ni kuwa na shafe su na rubuta nawa a kai, ban ajiye kwafi ba. Ni da nake ajiye kwafin komai. Tsohon faifan kuma ya mutu. Matiyu ya gwada shi a na'ura uku, har ya buɗe ɗaya ya goge mata ido, bai tashi ba. Ya ce, "Oga Bappa, wannan sai dai jana'iza."

Wato jerin nan ba ya ko'ina a duniya yanzu sai cikin kan tsoho ɗaya.

Lahadi, 10 ga Mayu

Matata Suwaibatu ta ce na cinye tuwo ban san miyar mece ce ba.

Litinin, 11 ga Mayu

Na kwafi casa'in da biyar ɗin a ƙaramar kwamfuta, na ja layi ɗari da huɗu a takarda, na rufe shago bayan azahar. A shingen bincike sai da na buɗe jakar na kunna kwamfutar suka gani. A cikin keke napep ma wata mata ta riƙa kallon jakar har sai da na zuge na nuna mata. Ban ga laifinta ba.

Tsarin da na yi: in kunna farkon waƙa, ya faɗi lambarta, in rubuta. Wasu kafin daƙiƙa biyu ya faɗa. Wasu bai riƙe lambarsu ba, sai ya ce in kai ta ƙarshe. Tana ƙarewa sai bakinsa ya kama wadda ke bin ta, da kansa, ni kuma in shiga nemanta. Na ce masa muryarsa ba daɗi, ya ce ai ba Bafillace yake wa waƙa ba.

Gurbi talatin da ɗaya yau. Hankalina ya ɗan kwanta. Abin zai yiwu.

Talata, 12 ga Mayu

Algaitar nan da na ce an maimaita a banza, ashe da gangan ne. Madu ya sa ta a farko, ya sa ta a ta ashirin, ta arba'in, ta sittin, ta tamanin, ta ɗari. In tsohon ya ɓata ƙirga sai ya yi gaba har ya ji ta, ya san inda yake.

Shi ne fa wanda na rubuta cewa bai san aiki ba. Ba zan soke layin ba, gara in riƙa ganinsa.

Mayar da ita ba wuya, kwafi ne kawai. Mun kai hamsin da takwas.

Laraba, 13 ga Mayu

Mun cike har sittin, sai ya ce ta sittin da ɗaya tsakar gidansa ce, in kunna masa. Na ce wace waƙa ce haka? Ya ce ba waƙa ba ce, wata safiya ce Madu ya kunna wayarsa tana ɗauka bai sani ba, da suka ji sai Baba ya ce a sa masa.

Hayaniyar nan ce da na fitar.

Na ce masa tana shago, gobe zan zo da ita. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa. Na tuna na fitar da guda takwas, amma gogewa na yi ko matsarwa? Na kasa tunawa. Kafin in fito daga Gabukka magariba ta yi, an riga an rufe layin shagunanmu. Sai da safe.

Alhamis, 14 ga Mayu

Tana nan. Tana nan cikin foldar "tarkace", ita da biyun da ke yankewa. Sai da na zauna a benci na ɗan lokaci. Matiyu ya leƙo ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, ya ce to fuskata ba ta ji labari ba.

Wannan halin nawa na ƙin goge abu, wanda Suwaibatu ke yi mini tsiya a kai, yau ya yi rana. Na kwafe ta wuri uku.

Na saurare ta har ƙarshe, abin da ban yi ba ranar farko. Minti biyu da 'yan daƙiƙu. Akuya, turmi, ƙofar langa-langa, wata mata can nesa tana faɗa da Barbarci, sai wani namiji ya yi dariya dab da wayar.

Juma'a, 15 ga Mayu

Na kunna masa. Na zaci zai yi kuka, bai yi ba. Ya riƙa faɗa mini abubuwan ɗaya-ɗaya kamar mai zagayawa da baƙo: wannan ƙofar zaure ce, wannan akuyar maƙwabci ce ba tasu ba, wannan Ya Gumsu ce matarsa, Allah ya ji ƙanta, faɗan kuwa da shi take yi, ya bar buta a hanya. Sai aka zo dariyar, ta Madu ce. Ummukulthum ta tashi ta fita.

Ya ce a sake. Sau uku. Sannan ya ce mu ci gaba da aiki, rana na tafiya.

Asabar, 16 ga Mayu

Mun gama. Layi ɗari da uku sun cika, kowace waƙa ta sami gurbinta, ba wadda ta rage a hannuna. Layin da ya saura shi ne tamanin da takwas, wato wadda ta ƙi kwafuwa tun farko. Ya ce wata ganga ce ta bikin ƙanensa, wani makaɗin unguwarsu ya buga, ba a sayar da ita a kasuwa.

In na bar wurin, duk na bayanta za su matso da ɗaya, ƙirgar ta lalace. Na ce ko in sa masa wata gangar, ina da su da yawa.

"Kada ka sa mini baƙo a ɗakin wani," ya ce. "Ka bar ɗakin ba kowa, ni na san mai shi."

Litinin, 18 ga Mayu

Na haɗa fayil na shiru, minti guda. Kowane suna na fara shi da lamba uku, 001 har 104, don rediyon ya bi su a jere. Ba folda ko ɗaya. Biyun da ke yankewa a rabi na mayar da su da yankewarsu. Hannuna ya so ya gyara, na hana shi.

Na buga faifai uku. Na gwada a rediyon Matiyu, na bi takarda layi-layi har sau biyu. Duk da haka ban yarda da kaina ba.

Talata, 19 ga Mayu

Ya karɓi faifan ya saka da kansa, ya mayar da robar. Sai ya riƙa faɗin abin da zai fito kafin ya danna. Sha bakwai, daidai. Arba'in da uku, daidai. Sittin da ɗaya. Casa'in da tara. Yatsansa na tafiya ba ko tsayawa.

Can ya ɗaure fuska ya ce saba'in da uku da saba'in da huɗu sun sauya wuri. Na fara laluben takarda. Sai na ji Ummukulthum na dariya a bakin ƙofa. Ya ce gwada ni ya yi, yana son ya ji ko bawan nasa zai tsaya a kan aikinsa, ashe ko gardama ba zan yi ba.

Da ya isa tamanin da takwas na ɗauka zai tsallake. Ya ɗauke hannu, ya bar shirun ya ƙare, yana buga gwiwarsa da yatsu biyu. Ta tamanin da tara ta shigo. Ya ce minti guda ya yi kaɗan, amma ya yafe.

Da zan tafi ko sallamata bai amsa da kyau ba, ya riga ya koma cikin faifansa. Ummukulthum ta rako ni zaure ta ce yau zai ci abinci.

Litinin, 25 ga Mayu

Aiki ya koma yadda yake. Wani direban Bauci, Joda, ya kawo memori ya ce a ɗora masa a faifai don mota. Waƙa ɗari da hamsin a cakuɗe, abin haushi. Har na buɗe sabuwar folda, sai na tsaya na tambaye shi yadda yake jin su. Ya kalle ni kamar na tambaye shi sunan kakarsa, ya ce yadda suka zo mana. Na ɗora masa yadda suka zo. Sauƙin aiki ne kawai, ba wani abu ba.

Faifai biyu na bar wa Baba, na ukun yana aljihuna tun Talata. Ummukulthum ta biyo ta layinmu jiya, da na so da na ba ta. Na ce mata ta bari, Juma'a zan kai da kaina, akwai buƙatar a gwada shi a rediyon.

Babu buƙatar. Na riga na gwada.