Keken da Na Sayo a Maigatari

Alhamis da dare, damina, 1994

Yau na sayo keke na hannu a kasuwar Maigatari, amma raina bai kwanta ba.

Dillalin, wani mutumin Damagaram, ya dubi ƙafafuna kawai ya jawo wani baƙin keke mai siraran tayoyi. Ya ce, "Malam, tsaya a kan ƙarfen tsakiya mu gani." Na tsaya, ya yi mini daidai, ko sirdin ban ɗaga ba.

A hanyar komowa Gumel, wata tsohuwa ta yar da itacenta ta tare ni tana kiran "Ilu!" Da ta ga fuskata sai ta gane ba shi ba ne. Ta shafa wani jan zare da ke ɗaure a ƙarƙashin sirdin, ta ce ita ta ɗaura wa ɗanta ranar da ya tsallaka Nijar. Har yau bai dawo ba. Wai tsawonmu ɗaya, har zaman keken.

Na ce, "Inna, saya na yi."

Ba ta nemi keken ba. Cewa ta yi, "Ɗana, to shi ina kuka baro shi?"

Na kasa shigo da keken ɗaki, yana zaure. Alhamis mai zuwa zan koma wurin dillalin nan, kuma tsoron amsarsa nake ji.