Likitoci Biyu, Ƙofa na Kallon Ƙofa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai zazzaɓin bara ya tafi ya bar min gajiya. Kafin in hau benen shagon gugarmu sai na zauna sau biyu.

Wani likita ya ce jiki ne, in kwanta. Maƙwabcinsa ya ce gwaji ya fito fes, damuwa ce, in riƙa tattaki. Wanne zan bi? Jiya riga ta ƙone a hannuna ban ji ƙauri ba. Wannan ma damuwa ce?

Kada Inna ta ji. Amma ke kika goya ni, Yaya: na taɓa ciwon ƙarya? Ki faɗa min gaskiya, don ni ma na fara zargin kaina.

Autarku