Wuƙar Buzu Da Ragon Suna

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Maris, 1974.

Zuwa ga Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanenmu na Sabon Ibadan. Allah ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki nisan kwana. Mu ma nan muna lafiya, sai kewar ƙaninki da ba ta raguwa, Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ina cikin takaba har yanzu. Lami matar ɗana Isyaku ta sauka lafiya a gidan iyayenta a Tarauni, an sami namiji, an mayar masa da sunan marigayi, muna ce masa Babangida. Malam Shehu mai rakiyar shanu ya iso da ta'aziyyarki da goro, mun gode. Ya kuma faɗa mini kin ce a ba shi wuƙar yanka ta mahaifinku ya kai wa ɗanki Garba, tun da shi ne ya riƙe fawa a cikin jikoki. Yaya, zai dawo miki ba tare da ita ba, kuma gara ki ji dalili daga bakina.

Ranar suna da safe ina zaune a tabarmata a ɗaki, na ji an shafa fatiha a ƙofar gida, na ji an kayar da rago. Na tsufa a gidan mahauci, na san yadda yanka yake a kunne: bisimilla, sai shiru, sai ɗan shure-shure, an gama. Wannan karon abin da na ji daban ne. Ragon ya yi wani irin gurnani mai tsawo, ya sake yi, sai na ji maza suna ta ɗaga murya a kawo wata wuƙa, a kawo wata wuƙa. Ba wanda ya shigo ya gaya mini kome. Daga inda nake zaune na gane abin da na aikata, carbin hannuna ya faɗi ban iya ɗauka ba.

Kin san wuƙar nan fiye da ni. Baƙa ce, doguwa, mai faɗi, bakinta a miƙe, kanta a dakushe ba tsini, wasawa ta cinye cikinta har ta sirance kamar ganyen rake. Ƙotar ta tsage tun tuni, ƙaninki ya ɗaure ta da tsumma da jijiya, maiƙo ya mayar da ita baƙi ƙirin. Yana ajiye ta tare da ƙaramar ta fiɗa, mai lanƙwasasshen ciki da kai a ɗage sama don kada ta huda fata. Sau nawa na ji yana gaya wa Isyaku cewa kowace wuƙa da aikin da maƙeri ya ƙera ta dominsa, ta yanka ba ruwanta da tsini, faɗi da kaifi take so don ta wuce a ja ɗaya dabba ta huta. Na ji wannan magana har na haddace ta, amma ashe a kunne ta tsaya.

Abin da ya faru shi ne, surukanmu na Tarauni 'yan kasuwa ne masu rufin asiri, kuma tun lokacin neman aure na ji wata gwaggon Lami ta ce ɗan mahauta ko ya zama akawu ƙarnin jini ba ya barinsa. Ban gaya wa kowa ba, na haɗiye, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Da suna ya matso, Isyaku ya ce tun da babansa ba ya nan, yana so a girmama surukinsa Alhaji Haruna, shi zai yanka ragon. Sai na hango wuƙar nan mai tsumma a hannun Alhaji, a gaban mutanensa masu manyan riguna, na ji kamar ni za a tuɓe wa zane. A kwanakin nan ne Binta dillaliya ta shigo mini gaisuwa da kayanta. Cikin kayan akwai wata wuƙa irin ta Buzayen nan da fari ya koro, waɗanda suka cika gari suna gadi suna sayar da abin hannunsu. Yaya, ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Kubenta jar fata ce da koren zare, ƙotarta da adon farin ƙarfe da tagulla, ruwanta yana walƙiya, siririya, baki biyu, ga tsini kamar mashi, da wani tudu a tsakiyarta tun daga gindi har kai. Binta ta ce mai ita gadi yake yi a wani gida da ake ginawa wajen Unguwar Gano, kuma ya ce ko musanya ce zai yi in an sami wuƙar aiki. Na tashi na buɗe akwati na ɗauko ta mahaifinku na ba ta.

Da ta dawo ta ce mini Buzun ya daɗe yana jujjuya wuƙar, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya sa ta ta rantse ba ta sata ba ce, sannan ya ce ta koma ta sake tambayar mai ita ko da gaske take. Ta yi dariya tana ba ni labari, ni ma na yi, har na ce ashe Buzu bai san kaya ba. Da na sani ƙeya ce. Ranar suna na naɗe sabuwar a farin ƙyalle na ba Isyaku. Ya tambaye ni ina ta babansa, na ce masa wannan ta fi dacewa da baƙi, ya karɓa don ba ya musu da ni.

Sauran labarin daga bakin maƙwabta na ji. An ce Alhaji ya zare ta yana yabawa, mutane suna leƙe. Da ya ɗora ya ja, sai ta tsaga fata ta shiga kaɗan ta cije, domin tudun nan na tsakiya ya hana ta wucewa, kuma bakinta ba a wasa shi don yanka ba, wuƙar ratayawa ce a damtse. Ya sake ja, ta ƙi, ragon ya fizge, jini ya wanke masa riga, ya ɗauke hannu. Ƙaramar ta fiɗa tana ƙasan akwatina a kulle, ni kuwa na kasa ko motsi. Kafin a bi gida gida a samo wuƙar kirki an daɗe, ragon ya riga ya galabaita. Liman ya duba ya ce tun da an yi masa raunin da ba zai tashi ba, aka ɗauke hannu aka jima kafin a ƙarasa, ba ya ciwuwa. Aka ja shi aka kai bayan gari aka binne.

Ragon nan ƙaninki ne ya saye shi yana ɗan ƙarami tun da ya ji Lami na da ciki. Da hannunsa yake ba shi dusa da harawa, ko da ciwo ya kwantar da shi sai ya tambaya ko an ba ragon jikansa ruwa. Shi ne abu na ƙarshe da ya tanada a duniya, ni kuma na sa ya mutu a wahale, ko tsoka ɗaya mai jego ba ta gani ba. Abin da na guda kuwa ya same ni ninki, gudun gara na faɗa gidan zago. Yanzu a Tarauni cewa ake a gidan mahauta aka rasa wuƙar yanka. Alhaji mutumin kirki ne, amma bai sake takowa nan ba. Isyaku ya ɗauki laifin a kansa, yana cewa shi ne bai gwada ta ba, kuma yana tsammanin ta babansa tana nan a akwati. Jiya ma ya ce in fito da ita a ba Malam Shehu, na ce masa ya bari tukuna.

Na aiki Binta wajen Buzun da wuƙarsa da zanena na aure a kai, ko zai yarda a warware. Ta tarar an gama ginin, an sallame shi. Wasu sun ce ya koma Daurawa, wasu sun ce ya bi 'yan'uwansa kudu. Idan na fita takaba zan bi da ƙafata in tambaya. Ki sa Garba ya riƙa duba hannun Buzayen da ke sauka wajenku, zai gane ta da ɗaurin jijiyar nan. Ƙaramar ta fiɗa na ba Malam Shehu ya kawo masa, na san ba ita kika nema ba. Ba na ce ki yi haƙuri don abin ƙarami ne ba, kayan mahaifinku ne, amana ce a hannuna. Duk faɗan da za ki yi mini ki yi, na cancanta, sai dai kada ki daina aiko mini da gaisuwa.

Ki gaishe mini da Malam, da Garba da iyalinsa, da Hasana da 'ya'yanta, da Inna Jummai in tana gane mutane. Zainab tana gaishe ki, ita ce ke kwana da ni. Wuƙar dai ban same ta ba, ba a sake wa yaron wani rago ba, kuma har yau ban gaya wa Isyaku gaskiya ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Asabe, matar marigayi.