Aman Mujiya a Jakar Baban Safiya

Bin Omran, Doha

Yaya Maimunatu,

Assalamu alaikum. Sai jiya na gane abin da na yi wa ƙaninki, maigidana Baban Safiya. Baturiyar nan mai binciken namun daji, wadda Baban Safiya yake tuƙawa zuwa duwatsun hamada kafin korona ta ɗauke shi, ta zo mini ta'aziyya. Sai ta tambayi ƙulle-ƙullen da ya ajiye mata.

Yaya, su ne na tsinta a jakarsa, gashi da ƙananan ƙasusuwa, har na kira ki ina kuka na ce asiri yake yi. Ashe aman mujiya ne. In ta haɗiye ɓera, takan amayar da gashin da ƙashin a dunƙule, da shi suke gane irin ɓerayen wurin. Ni kuwa na watsa su a shara ina a'uziyya.

Ya ƙafar Inna? Safiya na zuwa makaranta? Ni lafiya lau, barci ne dai sai a hankali. Gari ya cika da 'yan kallon ƙwallo, ban leƙa ba.

Na ji maganar asirin nan ta zaga dangi. Don Allah ki bi ta gida-gida ki wanke shi. Allah ya jiƙansa, ya saka miki da alheri. Inna da ta haife shi kuwa, da bakina zan gaya mata. Ban kira ta ba tukuna.

Ƙanwarki,
Fausiya